Mai Sayen Ƙashi

Ni barunde ne ɗan barunde, wato mahauci, kamar yadda mutanen gabas suke faɗi. A mahautar Jega na buɗe ido, a nan gemuna ya fito, a nan ya yi fari. Jini ba ya tsinka mini zuciya, wari ba ya hana ni cin tuwo. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji abin da ke tafe ya ce ai tsoho ne mai tsoron inuwarsa.

A farkon zuwan Turawa ne, wuri bai gama mutuwa ba, anini bai gama kama kasuwa ba, ni kuwa ban daɗe da yin aure ba. Wata ranar kasuwa da hantsi muna tsakiyar fiɗa sai ga wani mutum ya tsaya a kanmu. Gajere ne, shi ba baƙi ba, shi ba ja irin na Bature ba, launinsa kamar sabuwar ƙwarya. An aske masa gaban kai tas, ga kitso guda ɗaya ya sauko har gadon baya. Mun riga mun ji labarinsa. Kuku ne na Baturen da ya buɗe kanti yana sayen fata, kuma wai daga Birnin Sin ya fito. Mu dai iyakar saninmu da Birnin Sin shi ne can ne aka ce a je neman ilmi komai nisansa. Har wasu malamai sun yi takakkiya sun je ganinsa, suna zaton za su tarar da shehi a kan buzu, suka tarar da shi tsugune yana figar kaza.

Ya dube ni, ya buɗe baki a hankali kamar wanda ya kwana yana bitar maganar, ya ce, "Ina son kashi."

Mahauta ta kece da dariya. Rundawa dama ba a san mu da riƙe baki ba. Wani dattijo cikinmu ya goge wuƙarsa ya ce, "Ai ka ɓace hanya, baƙo. Bayan gari za ka tahi, can kyauta anka bar shi, ko da jaki kaz zo ka cika mangala."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya sunkuya cikin tarin da muke jefa wa karnuka, ya ɗauko ƙashin cinyar sa, ya ɗaga shi daidai fuskata ya ce, "Wanga." Ya daɗe harshensa bai iya kama harafin farko na ƙashi ba, ko da yake in yana Hausa muryarsa tana hawa tana sauka daidai, fiye da kowane Bature da na taɓa ji. Daga ranar na zama mai tara masa ƙashi, sunan da ya bi shi a gari kuma shi ne Ɗan Sin.

Ba a jima ba Baturen nan ya kwanta ciwo, aka ɗauke shi zuwa bakin Kwara. Mutanen kamfanin suka ce kuku ya biyo su a sa shi a jirgi ya koma inda ya fito. Ya ƙi. Kowa ya yi mamaki, don ba shi da mata a Jega, ba shi da ɗa, ba shi ma da wanda zai yi wa magana da harshensu. Ya roƙi fili kusa da zango, wajen da fatake ke sauka in sun haye gulbi, ya kafa rumfar zana, ya gina murhu, ya ɗora wata babbar tukunya da ba ta sauka daga wuta. A cikinta ƙasusuwana suke kwana suna dahuwa har romon ya yi fari kamar nono. Gefe guda kuma ga wani faffaɗan kaskon ƙarfe da ya zo da shi tun daga ƙasarsu.

Taliya yake yi, amma ba irin wadda muka sani ba. Zai kama curin ƙullu ya ja shi tsakanin hannuwansa, ya ninka, ya sake ja, ya buga a kan katako, kafin ka gama ƙifta ido ya zama zare-zare. Yara suka ce tana ce, tsutsar ƙasa. Manya suka ce duk wanda ke bin mahauta yana sayen abin da kare ke ci kyauta ba zai rasa wani nufi ba. Aka yi ta faɗin naman da yake sawa, wasu su ce na kare, wasu su rage murya su faɗi abin da ya fi haka muni. Kwana da kwanaki yana dafawa yana zubarwa. Dabarar da ya yi ita ce ya sa ni in riƙa ɗauko masa nama da ƙashi a buɗe cikin faranti, in ratsa tsakiyar kasuwa da su kowa na gani. Duk wanda ya tambaye shi yanka, sai ya nuna ni da ludayi.

Wani bafatake ne da yunwa ta ci ƙarfinsa ya fara zama. Ya shanye kwano, bai mutu ba, ya nemi ƙari. Sauran aikin kuma ƙamshin albasar Aliero cikin mai mai zafi ya ƙarasa shi. Masu jakai da 'yan alaro, masu dakon kaya a ka daga gari zuwa gari, suka mai da rumfar gida. Magidantan gari, waɗanda cin abinci a kasuwa abin kunya ne a wurinsu, sai su aiko da kwano a rufe a ce wai na yara ne. Na san dattawan da yaransu ba su taɓa ganin ko romon ba.

Abu ɗaya ne a rumfar nan ban taɓa sabawa da shi ba. A bakin ƙofa, ta wajen da ke duban hanyar Maiyama, akwai wata 'yar kujera da ba a zama a kanta. Kullum in rana ta take tsaka, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, Ɗan Sin zai bar duk abin da yake yi, ko da mutum goma na jira. Zai zuba shinkafa da romo a wani ɗan kwanon tangaran, ya ajiye gaban kujerar, ya jera tsinkaye biyu irin waɗanda yake cin abinci da su, ya kunna turare siriri ya soke a ƙasa. Sai ya tsaya yana magana ƙasa-ƙasa da harshensu, yana yi yana dakatawa, irin dakatawar wanda ake ba amsa. A wannan lokaci rumfar kan yi tsit ba tare da an ce kowa ya yi shiru ba. Ƙudan zango ba sa barin kwanon kowa. Ban ce ba sa sauka a kan wannan ba, amma ni dai ban taɓa gani ba, kuma na sha dubawa.

Wata rana wani mai jaki, baƙo daga wajen Kimba, ya shigo a gajiye ya ga abinci a bakin ƙofa babu mai shi. A wurinmu abin da aka ajiye haka sadaka ce, ta mai wucewa ce. Ya yi bisimilla ya zauna a kan kujerar ya cinye tas. Babu wanda ya iya hana shi. Ɗan Sin ya taho a hankali ya tsuguna gabansa ya ce, "Mi kaj ji?"

Mai jakin ya ce, "Gaskiya, maigida, ana ta yabon abincinka, ni ban ji komi ba. Babu gishiri, babu ɗanɗano, kamar na tauna iska. Cikina ma kamar ban ci ba."

Romon nan daga tukunyar da na sha ya fito, kuma gishirinsa daidai yake. Na dubi Ɗan Sin ina jiran faɗa, sai na ga fuskarsa ta washe, irin washewar uwa in yaro marar lafiya ya karɓi kunu. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ya riga ka ci." Da aka yi wa mai jakin bayani daga baya, ya kwance jakinsa ya bar garin bai jira ciniki ba.

Da la'asar ɗin ranar na kasa haƙuri. Na same shi yana jan taliya, na ce, "Maigida, ni ka kawo maka nama, sunana na cikin tukunyag ga. Gaya mani, wa kaka ba abinci?"

Ya ce wansa ne. Ya ba ni labarin da guntuwar Hausarsa, hannuwansa ba su daina aiki ba. Su biyu iyayensu suka bari, wan ne ya raine shi, shi ya koya masa girki, shi ya ja shi suka shiga aikin kuku a jiragen ruwa har suka faɗo Ikko. Daga nan suka hau Kwara da Baturen kanti, suka sauka wajen Yawuri, aka kamo hanyar ƙasa da 'yan alaro cikin damina. Zazzaɓi ya kama su duka biyu. Shi bai san inda kansa yake ba, ɗauke da shi aka shigo Jega. Da ya farfaɗo aka ce masa wansa ya mutu a hanya, an rufe shi gindin wata bishiya. Wani ya ce kafin Maiyama, wani ya ce bayanta. 'Yan alaron kuwa an sallame su, kowa ya kama gabansa.

A ƙasarsu, in ji shi, wanda ya mutu a baƙon wuri aron ƙasa kawai yake yi. In shekaru sun wuce sai a tone shi, a wanke ƙasusuwan, a jera su cikin tulu, a kai shi gida kusa da iyayensa. In ba a yi haka ba, yana nan bisa hanya, babu ƙofar da zai shiga, babu mai ba shi abinci. Ya ce, "Ban iya tahiya gida in bar shi. Ban san inda shike ba. Sai in ba shi abinci in jira."

Na yi istigfari a zuciyata, don mu in mun rufe mun rufe, sai ranar tashi. Amma tausayinsa ya kama ni. Na gane dalilin da ya sa ya ƙi jirgi.

Shekaru suka yi ta tafiya, ciniki ya yi ta buɗewa. Ya kafa rumfa ta biyu a Maiyama, bayan wani lokaci ya kafa ta uku a Aliero. Ya koya wa wasu zawarawa da wasu bayin da suka fanshi kansu jan taliya da haɗa romo, ya zuba su a can, shi kuma yana zagayawa a kan jaki. 'Yan kasuwar Jega suka yi ta yaba wayonsa, wai ya tare hanyar Sakkwato gaba da baya, duk wanda ya wuce sai ya ci nasa. Riba kam ya samu, ba na musu. Amma ni ya gaya mini dalili. Ta Maiyama ya buɗe don kada wansa ya riƙa doguwar tafiya kafin ya ci abinci. Ta Aliero kuma don yana tsoron ko ya bi ayari ya wuce Jega bai sani ba. A kowace rumfa akwai kujerar da ba a zama, da kwanon tsakar rana. Matar da ke riƙe da ta Maiyama ta taɓa ce mini ita ajiyewa take yi ba ta duba ba, ta koma ciki da sauri tana karanta abin da ta iya, don duk ta tsaya a wurin sai ta ji kamar ta tare wa wani hanya yana jira ta matsa.

Duk ɗan alaron da ya ce ya taɓa bin hanyar Yawuri, kyauta yake ci. Ba su daɗe ba suka gane banza ba ta kai zomo kasuwa, kowane kwano da tambayarsa. Wace shekara ka bi? Da wane Bature? Ka ji an rufe wani mai kitso? Da labari ya bazu cewa Ɗan Sin na neman ƙashi a hanyar Maiyama, sai manoma da makiyaya suka fara kawo masa duk abin da garma ta tono ko ruwa ya wanko. Wasu tsakani da Allah suke kawowa, wasu kuwa don kwanon taliya ne. Shi ya san ƙashin da ya dahu, bai san wanda ya kwana cikin ƙasa ba, saboda haka ni ake kira.

Zan zo in tarar an shimfiɗa tsumma, shi yana tsaye ya cusa hannuwa cikin hannun riga, ko numfashi ba ya yi. In juya abin in ce jaki ne. Wani lokaci maraƙi, wani lokaci ragowar abin da kura ta bari. Sau ɗaya aka kawo 'yan yatsu a jere da suka sa na yi gumi, sai da na ga haƙorin na gane gwaggon biri ne. Kowane karo zai yi wa mai kawowa godiya, ya zuba masa abinci, ya koma bakin murhu. Na tsani wannan kira. Na tsani yadda yake duban bakina, kuma na fi tsanar yadda ba ya cewa komai bayan na faɗa.

Muka tsufa tare. Kitsonsa ya yi furfura ya sirance har ya koma kamar igiyar guga. Wani kuku da ya zo daga Ikko ya gaya masa cewa a ƙasarsu an daɗe da daina wannan kitso, kowa ya yanke nasa. Ya ce shi ba zai yanke ba, wansa da shi ya san shi, kada ya zo rumfa ya ga baƙuwar ƙeya ya juya. Tari ya kama shi a shekarun nan, hannunsa ya fara rawa a kan ƙullu. Ya fara cewa in bai sami wansa da wuri ba, ƙarfin shiga jirgi zai ƙare masa.

Ƙarshen wata damina mai ruwa sosai, saƙo ya zo daga rumfar Maiyama. Ruwa ya zaizaye gefen tsohuwar hanya a gonar wani manomi, ƙarƙashin wata ɗorawa, har saiwoyinta sun fito fili, kuma akwai abu fari tsakanin saiwoyin. Manomin ya rufe wurin da ƙaya saboda karnuka. Ban san abin da ya shiga ran Ɗan Sin ba a wannan karo, amma ya shiga ɗakinsa ya fito da wani tulu mai murfi da ban taɓa gani ba, da farin ƙyalle a ninke. Ya ce tun shekarar da ya kafa rumfa ya sa aka gina masa shi. Muka ɗaure tulun a kan jaki muka kama hanya.

Da rana tsaka muka isa. Mutanen Maiyama sun taru nesa kaɗan, babu wanda ya matso. Ko iska ba ta motsi, sai kukan kurciya ɗaya daga cikin ɗorawar. Na janye ƙayar na sauka cikin ramin da ruwa ya ci, na fara tona da hannu. Abin da ya fara zuwa hannuna wani ɗan lanƙwasasshen ƙashi ne, bai kai tsawon taƙi ba. Na juya shi. Sa ba shi da irinsa, akuya ba ta da shi, jaki ba shi da shi. Ban san lokacin da ɗaya hannun nawa ya tafi tsakanin wuyana da kafaɗata ya taɓa nawa ba.

Na ɗaga kai na ce, "Mutum na, maigida."

Ya zamo cikin ramin da tsufansa, ya shiga tace ƙasa da yatsu. Can sai ya tsaya. Ya ɗago wani ɗan kuɗin ƙarfe da ya yi kore. Wani daga sama ya ce anini ne, amma hudar anini zagayayya ce, wannan kuwa mai kusurwa huɗu ce. Ɗan Sin ya sa hannu cikin rigarsa ya zaro ɗan'uwan kuɗin rataye a zare. Sai ya faɗi a kan gwiwoyinsa ya dinga buga goshi a ƙasa yana kiran wata kalma guda, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ni ma na yi hawaye, ban ɓoye ba. Ya fita ya shimfiɗa farin ƙyallen, ya buɗe tulun, ya ce in riƙa miƙo masa.

Na ci gaba da tono ina miƙawa. Ruwa da saiwa sun hargitsa komai, haƙarƙari a nan, gaɓar baya a can. Ƙashin kafaɗar nan na biyu ya fito, na ce madalla. Na ƙara zura hannu ƙarƙashin wata saiwa, sai na uku ya fito.

Na daɗe ina dubansa a tafin hannuna. Rana na dukan ƙeyata amma sanyi nake ji. Na miƙa masa. Ya jera shi kusa da biyun, ya dube su, ya taɓa nasa na dama, ya taɓa na hagu. Kafin la'asar mun fito da ƙoƙon kai biyu.

A nan ne wani tsoho ya fito daga cikin taron yana dogara sanda. Na san shi, kowa ya san shi. Tsohon ɗan alaro ne da wuya ya sankare masa, ya zauna a Maiyama, kuma shekara da shekaru yana cin abinci kyauta a rumfar Ɗan Sin. Ya tsuguna bakin ramin, bai yarda sun haɗa ido ba.

Na ce, "Baba, in kana da magana ka yi ta."

Ya ce, "Ina cikin ayarin. Su biyu sunka mutu rana guda, mai kitso da wani yaro namu. Bature yac ce ba a tsayawa, ruwa na tahe. Rami guda munka haƙa da sanda da hannu. Ba mu yi ma yaron wanka ba, ba mu yi mai salla ba, munka haɗa shi da wanda ba Musulmi ba munka ruhe. Da wane baki za mu hwaɗi wanga? Mun yi rantsuwa mu bar shi cikinmu. Sauran duk sun mutu, ni ɗai nir rage."

Ɗan Sin bai zage shi ba. Tambayarsa ɗaya ce, wanne ke dama, wanne ke hagu. Tsohon ya ce bisa juna suka sa su, kuma bai tuna wanda ke ƙasa ba.

Aka aika Aliero a kira mai ɗori, don mutanen can ba a fi su sanin ƙashin mutum ba. Muka zauna gadin wurin har ya iso. Dattijo ne mai natsuwa. Ya shimfiɗa tabarma biyu, ya wuni yana gwada wannan da wancan, yana mayarwa. Daga ƙarshe ya karkaɗe hannu ya ce tsawonsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, dukansu sun yi dako tun suna yara, gara kuma ta cinye bakin gaɓoɓin da zai gwada. Ya ce, "Ni mai rai nika ɗorawa, shi ka gaya mani inda ka yi mai ciwo. Waɗanga ba su magana."

Limamin Maiyama ya ce Musulmi dai ba zai sake kwana a fili ba, yau za a mai da shi ƙasa. Amma bai hana Ɗan Sin nasa ba. Ya ce in ya gane ɗan'uwansa ya ɗauka ya tafi da shi.

Ɗan Sin ya zauna a ƙasa tsakanin tabarmin biyu. Ya ɗauki ƙoƙon kai na farko da hannu biyu, ya kawo shi daidai fuskarsa, ya yi masa magana da harshensu, ya dakata. Ya ajiye, ya ɗauki na biyu, ya yi masa irin maganar, ya dakata. Duk taron babu mai tari. Ni kaina na kasa kunne, Allah Ya yafe mini, kamar ɗayansu zai amsa. Ya sake ɗaukar na farko ya duba haƙoran, ya daɗe, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Barunde, na mance haƙoranai. Kullum ina ba shi abinci, ban tuna bakinai ba."

Abin ya fi ƙarfina. Na tsuguna kusa da shi na rage murya na ce, "Maigida, ƙarhinka ya ƙare, jirgi ba ya jiranka. Ɗauki wanda ranka yab ba ka. Kai guda, hannu biyu, ƙahwa biyu, mu cika tulu. Allah Ya san nashi."

Ya girgiza kai. Ya ce, "In na ɗauki kan yayana da ƙahwar naku fa? Ku kun ce akwai ranar da za ku tashi. Yaron ga in ya tashi, Birnin Sin za shi neman ƙahwa?" Ya juya wajen tsohon ɗan alaron ya tambaye shi sunan yaron da garinsu. Tsohon ya ce a bakin Kwara ya shigo ayari, babu wanda ya san sunansa, yaro kawai suke ce masa. Ɗan Sin ya ce, "Ashe shi ko mai nema bai da."

Da hannunsa ya tattara ƙasusuwan tabarmin biyu ya haɗa su cikin farin ƙyallen nan guda, ya ɗaure. Muka haƙa sabon kabari a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa. Liman ya tsaya ya yi niyyar salla ga Musulmin da ke cikin ƙyallen, muka bi shi. Ɗan Sin yana gefe shi kaɗai, hannuwa cikin hannun riga, har muka rufe.

A hanyar komawa Jega jakin na gaba, tulun yana ƙwanƙwasar sirdi, mu biyu muna biye. Wajen da ake fara hango gulbi na kasa daurewa na ce, "To yanzu yaushe za ka gida?"

Ya tsaya ya yi tari har ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Da na so in roƙe ka, in na mutu nan ka tone ni ka sa jirgi. Na hwasa. Kak ka tone ni. Can za ka kai ni."

Bai ƙara damina biyu ba. Da lokacin ya yi na ɗora shi a kan jaki na kai shi Maiyama, ni da manomin nan muka haƙa, taku kaɗan daga nasu. Rumfunan suka koma hannun waɗanda ya koya wa aiki. Tulun kuwa a wurina ya bar shi, yana kusurwar ɗakina har yau. Matata ta sha cewa a ba ta ta zuba gero, na hana. Babu komai a ciki, na sani, ni na ɗauko shi a kan jaki, amma ba na son a buɗe shi.